Labarin da na riƙe mako biyu

Ranar da Malam ya miƙo mini makullin ɗan ɗakin da muke haɗa jaridar makaranta, ya ce, "Daga yau ke ce edita," ina aji biyar, shekarata 16. Jaridar shafi 8 ce, tana fita sau biyu a zango. Mu 11 ke yin ta, da kwamfuta ɗaya wadda sai an bi layi.

Da farko na ɗauka aikin bai wuce gyaran rubutu ba. Malam ya koya mana tambayoyi shida da labari zai amsa tun daga sama: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me. Ya kuma koya mana sa abu mafi muhimmanci a kai, ƙananan bayanai a gindi, don in wuri ya kasa a datse daga ƙasa ba tare da an kashe labarin ba. Wannan ban yi wata guda ba na iya shi.

A zango na biyu wani yaro ɗan aji uku, wanda ya fi kowa ƙwazo a cikinmu, ya kawo mini labari hannunsa har rawa yake yi. Laburare ta yi mako 7 a kulle, in ka leƙa ta taga kantoci wayam. Ya rubuta cewa mai kula da ita ne ya kwashe littattafan ya sayar. Na ce, wa ya gani? Ya ce, "Yaya, ai kowa ya sani." Na ce, ka je ka tambayi mutumin? Ya sunkuyar da kai.

Raina ya so labarin nan ƙwarai. Na san in ya fito a shafin farko rububin jaridar za a yi, har 'yan aji shida da ba su taɓa kallonmu ba sai sun nema. Mataimakiyata ta ce a buga kawai, in ƙarya ne shi ya fito ya musanta. Na kwana ina juya maganar. Abin da ya tsaya mini shi ne, mutumin nan da sunansa, kullum yana wucewa ta gabanmu da safe, kuma takarda in ta fita ba ta dawowa. Washegari na ce labarin ba zai shiga ba sai an ji ta bakinsa. Fitowar jaridar ta ja baya da mako biyu. Wasu suka daina yi mini magana, wata ta ce na zama 'yar koren hukumar makaranta, maganar da ta daɗe tana yi mini ciwo.

Tare da yaron muka je wurin mai kula da laburaren. Na gaishe shi, na ce, "Baba, magana ce muka ji, ba mu so mu rubuta ba mu ji daga gare ka ba." Bai ce komai ba, ya ɗauko makulli ya kai mu sito. Ga littattafan nan a kwalaye, jere har kusa da rufi, wasu an baje su suna shan iska, shafukansu sun kumbura. Rufin laburaren ne ke yoyo, ruwa ya jiƙa kanta biyu a dare ɗaya, shi ne ya kwashe sauran shi kaɗai. Ya nuna mana kwafin takardu uku da ya rubuta yana neman a gyara. Sai da za mu tafi ya ce ya san abin da ake faɗa a kansa, yana jin yara na yin shiru in ya doso. Yaron nan bai iya ɗago ido ba.

Shi na sa ya sake rubuta labarin, kuma na gaskiyan ya fi na jita-jitar nauyi a kan makaranta. Shugaban makaranta, wanda ke duba kowace fitowa kafin a buga, ya aika a kira ni. Ƙafafuna na rawa na ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mini layin da ba gaskiya ba, yanzu in cire." Ya karanta sau biyu. Ya ce a sa cewa an riga an nemi kuɗin gyaran, amincewa ake jira. Wannan haƙƙinsa ne, na sa. Ya ce kuma a cire kalmar "sakaci". Na yarda, domin hukuncinmu ne ba abin da muka gani ba, kuma kwanan watan takardun uku da muka jera ya ishi mai karatu.

Daga baya na karanta wata shari'a da aka yi a Amurka. A 1983 shugaban wata sakandare a gundumar makarantu ta Hazelwood, jihar Missouri, ya cire shafi biyu daga jaridar ɗalibai saboda labarai biyu, ɗaya kan ɗalibai masu juna biyu, ɗaya kan mutuwar auren iyaye. Ɗaliban suka kai ƙara, a 1988 Kotun Ƙoli ta ba makaranta gaskiya, alƙalai 5 suka rinjayi 3. Ban ji daɗin hukuncin ba, don ya ba shugabannin makarantu almakashi mai kaifi. Amma cikin hujjojin shugaban akwai cewa wata ɗaliba ta soki mahaifinta a labarin, ba a kuwa ba uban damar ya ce komai ba. Nan na tuna Baba da kwalayensa. Da mun buga labarin farko, da mu da kanmu mun miƙa almakashin.

Jaridar ta fito da sunan yaron a ƙarƙashin kanun labarin. Rufin bai gyaru ba sai a hutun ƙarshen shekara. Ranar da muka raba jaridar, Baba ya zo ƙofar ɗakinmu ya tsaya, ya ce a ba shi guda biyu, ɗaya zai kai wa iyalinsa su gani.