Laftof mai inci 18: sabuwar baƙuwa a kan teburina

Inci 18 ce, nauyinta kilo 3 da ɗan ɗoriya, cajarta kuma wat 330, ita kaɗai ta kai bulo rabi. Jakar da nake goyawa a baya an yi ta ne don mai inci 15.6, da na tura wannan ciki zif ya ƙi rufuwa ko da rabi. Maƙwabcin shagona da ya leƙo cewa ya yi, "Malam, wannan ai talabijin ce aka yi wa murfi."

Sana'ata haɗa bidiyon biki ce, daga kamu har buɗar kai, kuma yanzu kowace amarya bidiyo mai tsananin fitowa fes, wato 4K, take so. Shekaru na yi da kwamfutar tebur, ba ta taɓa gazawa wajen ƙarfi ba. Wuta ce matsalar. Kana tsaka da fitar da bidiyon awa biyu, an kai kashi 80, sai ɗif, a ɗauke. UPS ɗina, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, minti goma yake riƙewa idan ya ga dama, kafin yaro ya tada janareto aiki ya koma farko. Abin da ya sa na karkata ga irin waɗannan manyan laftof ke nan, waɗanda aka ƙera don su maye gurbin ta tebur. Batirin da ke cikinta na saya, ba sauƙin ɗauka ba.

A ciki akwai injin sarrafa aiki Intel Core i9-13980HX, mai ƙwaƙwalwa 24: takwas na aiki mai nauyi, goma sha shida na ƙananan ayyuka. Katin hoto RTX 4080 ne, RAM 32GB, ma'ajiyar fayil (SSD) 1TB. A nan akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. RTX 4080 na laftof suna kawai ya haɗa shi da na tebur. Na tebur 16GB gare shi, yana jan wat 320. Na laftof 12GB ne, iyakarsa wat 175. Ƙarfinsa ya ishe ni har da saura, amma wanda ya ga lambar ya zaci abu ɗaya ne, lissafinsa zai karkace.

Allon ne ya fara saye ni. Ɗigon hotonsa 2560 a 1600 ne, wato ya fi wanda muka saba tsayi daga sama zuwa ƙasa. A DaVinci Resolve, manhajar da nake gyaran bidiyo da ita, wannan ɗan ƙarin yana nufin ina ganin layukan sauti na maroƙi, na DJ da na makirufon ango duk a tare, ba sai na yi ta gungurawa ba. Saurin 240Hz da ake ta yayatawa kuwa, wato allon ya sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa, na masu gem ne. Ni da nake ɗaukar hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, ba abin da ya ƙara mini.

Sai ƙara. Idan ana rubutu ko duba saƙo, shiru kake ji. Da na ɗora mata gyaran kalar wani dina da aka yi cikin fitilu masu launin shuɗi da ja, fankokin suka tashi gaba ɗaya har sai da na sa abin kunne kafin in ji sautin da nake gyarawa. Iskar da take furzarwa ta baya kuwa, takardar rasit da na ajiye a wurin sai da ta yi ɗumi. Wannan fa a lokacin sanyi ne. Afrilun Kano, da zafi ke haura digiri 40, yana nan tafe, kuma shagona fankar sama kawai gare shi.

Gwajin da na fi ɗokinsa shi ne zare caja ana tsaka da aiki. Na zare. Ba ta mutu ba, fitar da bidiyon ya ci gaba, sai dai nan take ta rage gudu sosai, lokacin da ta ƙiyasta na gamawa ya miƙe. Dalilin a bayyane yake: batirin 90Wh ne, wato wat 90 na tsawon awa ɗaya, ba zai iya ba injin wat 250 ko fiye ba, ko da ya iya ma minti ashirin zai yi ya ƙare. Ba rowa ce ta sa aka tsaya a nan ba. Dokar jiragen sama 100Wh ta yarda fasinja ya shiga da shi ba tare da neman izini ba, shi ya sa har mafi tsadar laftof ba ta ƙetare wannan iyaka. Ni dai buƙatata ta biya, tunda abin da nake so shi ne ta riƙe aikin har a tada inji.

Masu sola su yi lissafi kafin su saya. Batirin 12V 200Ah a takarda 2,400Wh ne, amma idan na ruwa ne rabi ake so ka sha don ya daɗe. Wato wajen awa huɗu ke nan idan tana jan wat 300, ba a sa fanka da fitila ba. Gaskiya dai ba kullum take jan hakan ba, yankan bidiyo na yau da kullum bai kai nan ba.

Abin da ya ba ni haushi ƙarami ne amma kullum zan ci karo da shi: babu ramin katin SD. Inji mai wannan faɗin, an rasa inda za a tsaga masa ƴar kafa. Dole in riƙa yawo da abin karanta kati yana reto a gefe, ya cinye mini USB ɗaya cikin ƴan waɗanda ke akwai. Madannan kuwa ba laifi, har da ɓangaren lambobi, mai amfani wajen rubuta wa mutane kuɗin aiki.

Akwai gurbin SSD na biyu a ciki, kuma biki ɗaya na kwana uku yakan ci mini ɗaruruwan GB, don haka 1TB ba zai kai ni ko'ina ba. Ranar da zan kwance bayanta in ƙara 2TB, zan duba yawan ƙurar hunturun da fankokin suka riga suka haɗiya.