Sati shida da alƙalamin kwamfuta: ga inda aka kwana

'Yan uwa masu koyo, yau sati shida ke nan da na ajiye fensir na koma zane a Krita, manhajar nan da ake saukewa kyauta.

Wahalar farko ita ce hannu yana kan allon zane a tebur, ido kuma yana kan fuskar kwamfuta. In na ja da'ira sai ta fito kamar ƙwai. Kwana goma na yi ba abin da nake zanawa sai da'irori da miƙaƙƙun layuka, kafin hannun ya daina rawa. Alƙalamina yana gane ƙarfin dannawa har mataki 4096, amma ni hannuna nauyi gare shi, kowane layi sai ya fito kauri ɗaya. Da na shiga saiti na gyara yadda yake amsa dannawa, nan layin ya fara siranta a ƙarshe kamar na buroshi.

Leya kuwa ta burge ni. Kamar ka jera takardu shara-shara ne a kan juna: zanen gwaji a ƙasa, launi a tsakiya, layin tawada a sama. Inuwa nakan ba ta tata leyar, in sa ta a saitin haɗa launi da ake kira Multiply, launin ƙasa ya yi duhu ba tare da ya ɓace ba. Sau ɗaya na shafe awa biyu ina zuba launi, ashe a leyar tawada nake. Tun ranar, ba na fara aiki sai kowace leya ta sami suna.

Abin da ya fi damuna shi ne Ctrl+Z, madannan da ke soke abin da ka yi na ƙarshe. Gira guda ɗaya sai in ja ta, in goge, in sake, har in manta da sauran fuskar. Shekaranjiya ina zane a takarda, na yi kuskure, sai na ga yatsun hagu suna laluben madannin da babu shi. Abin dariya, amma ya tsorata ni, don da can kafin in ja layi sai na tsaya na duba abin da nake zanawa. Yanzu kullum nakan ware minti 15 na zane ba gogewa, duk yadda ya fito haka zan bar shi. Ɗalibaina ma da wannan zan fara su, leya ta biyo baya.

Na gwada bugawa a firinta, hoton ya fito dishi-dishi saboda ƙaramin shafi na buɗe tun farko. A4 a ɗigo 300 kowane inci yana bukatar fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Shuɗin ma ya dusashe, domin fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, firinta kuwa da tawada. Ku riƙa ajiye asalin aikin a .kra, wato irin fayil na Krita, don JPEG yana haɗe leyoyin wuri guda.

Sati mai zuwa hannaye zan sa a gaba, su nake ta ɓoyewa a aljihun mutanen da nake zanawa. Wanda ya samo dabarar zana babban yatsa, don Allah ya taimaka min.