Gidan da na fara kai ta ba nata ba ne

Bayan wani ruwan sama na watan Agusta na tsince ta cikin kwata kusa da babbar kasuwa, jiƙe sharkaf, tana ɗingishi. Ƴar mussa ce baƙa. Na sa ta a kwali, na hau kabu-kabu zuwa gida.

Kwana 12 ta yi ƙarƙashin gado, sai dare ya raba take fitowa. Madarar da na fara ba ta zawo ta sa ta, likitan dabbobi ya ce in koma ruwa da kifi ko nama marar albasa, ya yi mata allurar ciwon hauka, ya ja mini kunne cewa paracetamol kashe mussa yake.

Ɗaki guda nake haya a unguwar Zariya, mai gidan kuwa ba ya son dabba. Da Yaya ta ce ɓeraye sun hana ta sakat, sai na ga kamar an yi mini gata. Gida mai yara bakwai, ƙofar zaure ba ta rufuwa! Na san mussar da inuwar mutum ma ke firgita ta, amma na kai ta don in sauke nauyi. Yaran ba mugunta suka yi ba, so ne: wannan ya jawo ta daga bayan randa, wancan ya ɗaga ta sama. Kafin magariba ta haura katanga.

Kwana huɗu ina yawo lungu-lungu da busasshen kifi a hannu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin maganar ɓera kaɗai na saurara, ban tambayi kaina ina za ta ɓuya ba. A cikin tarin bulo na wani kango na same ta, ta rame.

Gwaggona da ke zaune ita kaɗai a unguwar Bagalam ta ce, "Kawo ta, ɗana, ni ma ba na son hayaniya." Muka ware mata ɗakin ajiya, da kwalinta, da kwanon yashi, ƙofa a rufe har mako uku. Gwaggo ba ta kiranta, ba ta ƙura mata ido, sai dai ta zauna nesa tana jan carbi.

Da tun farko nan na kawo ta, da ba ta sha wahalar kwana huɗun nan ba. Jiya na tarar da ita kwance a gefen sallayar Gwaggo. Ni dai tana ganina ta shige bayan buhun gero.