Yajin aiki saboda giya, wai!

Kwanaki ina ɗan karance-karance na ci karo da wani labari da ya sa ni dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. A watan Afrilun 2010 ma'aikatan kamfanin yin giya na Carlsberg a Denmark suka tafi yajin aiki, kuma fa ba albashi aka taɓa musu ba, ba a kori kowa ba, kawai kamfani ne ya kwashe firjin giyar da ke wuraren aiki ya ce daga yau sai lokacin abincin rana. Ashe da can mutum yana aiki yana korawa da kwalba kamar ruwa, har direbobin manyan motoci suka mara musu baya, direbobi fa jama'a!

Ni dai ban taɓa sha ba kuma ba zan soma ba, addinina ya hana, amma gaskiya da kuɗin goro nake wa Turawa, ina ganin duk kanwar ja ce, ashe su ma kowa da kiɗansa. A Faransa dokar ƙwadago da kanta ta yarda da shan biya da giyar inabi a wurin aiki, sai a 2014 aka ba masu kamfani damar hanawa in suna tsoron haɗari. Rasha kuwa sai a 2011 aka sa hannu a dokar da ta ce biya ma barasa ce, kafin nan a layin kayan abinci take. A Ingila kasuwar inshora ta Lloyd's ta hana ma'aikatanta sha daga 9 na safe zuwa 5 na yamma a 2017, aka yi ta ƙorafi kamar an hana su numfashi.

Kuma in ka lura ba wa'azi ne ya sa suke janyewa ba, inji ne da mota da tsoron biyan diyya, wa zai yarda mai maye ya hau masa injin ɗaga kaya.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Japan. Su a ofis tsaf suke, amma ana tashi sai oga ya ja tawaga a tafi abin da suke kira nomikai, wato zaman shan giya, ƙarami ya zuba wa babba, a nan ake sakin jiki a faɗi abin da ba a iya faɗa a mitin, a nan oga yake sanin waye waye. To kai da ba ka sha fa? Ko dai ka zauna da lemonka kana yaƙe har dare ana tambayarka ko lafiya, ko ka wuce gida washegari ka tarar an gama magana ba kai. Da ni ne dai lemon zan riƙe in zauna, amma goma na yi zan ce sai da safe, oga ya yi haƙuri.