Ƙurar Hunturu da Firintar 3D

Asabar, Tudun Wada, Kaduna.

Yau ban buga komai ba sai bayan la'asar, domin safiyar gaba ɗaya ta tafi ne wajen gyaran firintar 3D da ke kan teburina, wato na'urar da ke narkar da zaren roba tana ƙera abu da shi shimfiɗa kan shimfiɗa. Tun daren jiya giyar da ke tura zaren roba take ƙas-ƙas, tana kama zaren tana zamewa, robar da ke fitowa ta nozul, wato ɗan bakin ƙarfen da ke fitar da narkakkiyar roba, kuwa ta zama siririya, tana nannaɗewa gefe maimakon ta sauko a miƙe. Duk wanda ya saba da na'urar ya san wannan alamar toshewa ce.

Ƙurar hunturu nake zargi, kuma ina da hujja. Ramin nozul milimita 0.4 ne kacal, zaren PLA (irin robar da nake bugawa da ita) da ke shiga cikinsa kuwa kaurinsa milimita 1.75 ne, saboda haka duk ƙurar da ta kwanta a kan zaren tare da shi take tafiya har wurin narkewa, ta ƙone, ta taru a bakin ramin. Na zafafa nozul zuwa digiri 200, na tura guntun zare da hannu, sannan na bari zafin ya sauka zuwa wajen 90, na fizgo shi da ƙarfi. Kan zaren ya fito da siffar cikin nozul ɗin daidai, ɗauke da baƙin datti ɗigo-ɗigo. Na yi ta maimaitawa har ya fito fes.

Duk da haka ƙarar ba ta daina ba, sai da na zare farin bututun da zaren ke bi. Bakinsa na ƙasa ya yi baƙi, ya motse, har an samu ɗan giɓi tsakaninsa da nozul, inda narkakkiyar roba ke taruwa ta daskare. Na yanke wurin da reza, yanka madaidaici ba karkatacce ba, na mayar da bututun har ya dangane, sannan na ƙara ɗaure nozul da sifana tun yana da zafi, domin idan aka ɗaure shi da sanyi sai ya saki da zarar ƙarfen ya buɗe. A ganina, yawancin masu gaggawar sayen sabon kan firinta wannan giɓin ne kawai ke damunsu.

Sauran aikin na yau da kullum ne. Na goge tayoyi da buroshi, na share tsohon giris daga dogon sukurun da ke ɗaga kan na'urar na shafa sabo kaɗan, na ɗame bel ɗin da ke jan kan na'urar, na daidaita farantin da ake bugawa a kansa da takarda a kusurwoyi huɗu. Na kuma ɗaura guntun soso a kan zaren don ya riƙa share shi kafin ya shiga.

Da azahar wani bakanike daga Panteka ya zo da karyayyen maƙalin fankar iskar mota, ya ce, "Injiniya, a buga mini irinsa da wannan farar robar taka." Na ce, "Maigida, ba za ta yi ba." PLA tana fara laushi ne tun daga kusan digiri 60, motar da aka ajiye a rana cikin watan Afrilu kuwa zafin cikinta kan kai hakan. Wata irin roba mai suna PETG ce ta dace, ko da yake tana buƙatar zafin nozul wajen 235, kuma tana saurin shan danshi idan damina ta kama. Mun yi da shi zai dawo ranar Talata, bayan na auna maƙalin na zana shi a kwamfuta.

Wuta ta dawo da la'asar, na buga ɗan akwatin gwaji mai milimita 20 a kowane gefe. Shimfiɗar farko ta kama farantin sosai, bangon ya fito sumul, sai dai gefe ɗaya ya ɗara da kusan milimita 0.2, wanda zan duba gobe daga wajen bel. Kafin magariba na lulluɓe na'urar da tsohon zani, zaren kuma na mayar da shi cikin bokiti mai murfi.