Daga Zariya zuwa Kuru, a kan sawun jirgin kuza

Duk wanda ya shiga motar Jos daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Pambeguwa har ya faɗa Saminaka, to kusan a kan sawun wani tsohon jirgin ƙasa yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba. Jirgin ya daina aiki tun 1957, aka kwashe ƙarafunan, ciyawa da gonaki suka cinye gurbinsu. Da bikin 'yar kawuna ya kira ni Jos, da gangan na zaɓi wannan hanya, don na daɗe ina son in ga ƙasar da layin ya ratsa da idona.

Mun bar Zariya da hantsi, kaka ta shigo, masara ta bushe a tsaye a gonaki hagu da dama. Kafin mu kai Saminaka na tambayi direbanmu, wani dattijo mai furfura a gemu, ko ya san inda Rahama take. Ya nuna da haɓa ya ce, "Ga ta nan kusa, Malam. Iyayenmu sun ce a da tasha ce babba, nan jirgi ke tsayawa ya sha ruwa." A Rahama ɗin nan layin ya tsaya a 1912, shekara guda da fara shimfiɗa shi daga Zariya, kafin a ci gaba da shi a hau tsauni har Bukuru a ƙarshen 1914. Tsawonsa duka mil 143 ne, wajen kilomita 230. Turawa sun raɗa masa sunan Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin tsaunukan Jos suna ƙarƙashin lardin Bauchi ne, sai a 1926 aka yanke lardin Filato.

Abu ɗaya ya kawo wannan layi, kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Ririwai da Liruwen Delma suna haƙarta suna narkawa, fatake na kai ta kasuwanni. Da kamfanonin Ingila suka mamaye filayen Naraguta da Bukuru, sai matsalar ɗauka ta taso musu: a ka 'yan dako ke ɗaukar buhunan kuza, su yi kwanaki a hanya zuwa Loko a bakin Binuwai, daga nan a zuba a jirgin ruwa. Babban layin Kano ya riga ya bi ta Zariya a 1911, don haka aka ja reshe daga can. Amma ba a yi shi daidai da babban ba. Tsakanin ƙarafunan babban layi ƙafa 3 da inci 6 ne, na wannan kuwa ƙafa 2 da inci 6. Ya fi arha, ya fi saurin gamawa, kuma ya fi iya lanƙwasa a tsakanin duwatsu. Ladan wannan arha leburori suka biya da wuyansu, domin duk kayan da ya iso Zariya sai an sauke shi buhu-buhu an sake lodawa a taragon babban jirgi, haka ma injinan da za a hau da su Jos.

Bayan Jengre ne mutum ke gane abin da ƙaramin jirgin ya sha. Hanya ta fara miƙewa sama, motarmu ta koma giya ta biyu tana nishi, manyan duwatsu suka fito kamar an jera su da hannu, iska ta sauya. Wata mata a bayana ta jawo zani ta lulluɓe jaririnta. Zariya ba ta wuce mita 700 daga teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. Muka wuce Mista Ali, muka shigo ta Farin Gada daidai lokacin da ake loda tireloli da kabeji da karas da kwandunan tumatir.

Kawu yana zaune a Gangare, unguwar da Hausawa masu aikin kuza suka kafa tun farkon garin. Da na gaya masa abin da nake nema, ya ce, "Ɗana, in jirgin kake so ka gani, ai yana gidan tarihi, kusa da gidan namun daji. Gobe in an yi walha sai mu je." Gidan tarihin Jos an buɗe shi a 1952, kuma shi ma kuza ce silarsa, tunda a ramukan haƙarta aka fara tsintar gumakan yumɓu na Nok. A harabarsa aka ajiye abin da ya rage na ƙaramin jirgin. Na tsaya tsakanin ƙarafunan da kan jirgin ke zaune a kai, taku ɗaya ya ishe ni in tsallake daga wannan zuwa wancan. Na leƙa wurin zaman direba: ɗan lungu ne da mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ga bakin murhun da ake watsa kwal, tsatsa ta ci gefensa, ga bututun hayaƙi a gaba. Wannan ɗan abin shi ya yi sama da shekara 40 yana hawa da sauka da arzikin ƙasar nan.

Kawu ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba, sannan ya fara ba ni labarin mahaifinsa. A ɗiban gwamna aka kawo shi Filato. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta, sai ta juyo kan Najeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar samari daga lardunan Arewa a tilas ana tura su ramuka. Mutanen da suka saba da zafin Katsina da Sakkwato aka zube su a barikokin da sanyi ke ratsa ƙashi, ba bargo, ba isasshen hatsi, da yawa ba su koma gida ba. Mahaifin Kawu ya rayu, wa'adinsa ya ƙare ya ƙi komawa, ya yi aure, ya kama sana'ar ɗinki. Ina ganin duk mai ba da tarihin reluwen Jos ya tsallake waɗannan mutane, ya ci amanarsu.

Abin da ya karya ƙaramin layin ɗan'uwansa ne. A 1927 babban layi ya iso Jos daga Kafanchan, ya haɗa ta da Inugu mai kwal da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka kuma faɗaɗa guntun Jos zuwa Bukuru. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, kuza ta samu hanya miƙaƙƙiya zuwa teku ba sauke-sauke. Na Zariya ya ci gaba da lallaɓawa da fasinja da gyaɗa da auduga har motoci suka ƙarasa shi.

Washegari na shiga Taminus, inda tashar jirgin take, gefen kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002, na kama motar Bukuru. A hanya layin dogo na ɓuya yana fitowa, wani wuri masu kayan gwari sun baje a gefensa. Bayan Bukuru sai ga kududdufan kuza, ruwansu kore shar, da tudun jar ƙasa da injina suka tara suka tafi suka bari. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse, jirgi ya rasa babban abokin cinikinsa. Yau da ruwan waɗannan ramuka ake noman rani, matasa kuma na shiga loto, wato ƙananan ramukan haƙar kuza da hannu, da igiya da tocila suna neman ɗan abin da ya saura.

A Kuru layi ya rabu biyu. Ɗaya ya gangara Kafanchan, ɗaya ya nufi gabas: shi ne layin Borno, wanda aka fara a 1958 da bashin dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, tsawon kilomita 640. Shi kam don gyaɗa da auduga da shanu da mutane aka yi shi, kuma shi ya fi ba ni takaici da na ga ciyawa ta rufe shi. A nan na haɗu da wani mai sarin dankalin Turawa daga Bokkos, yana jiran motar da za ta kai masa kaya kudu. Na ce, "Alhaji, da jirgi na tafiya za ka sa kayanka?" Ya ce, "Yau ɗin nan ma, Malam. Kuɗin mota da na shingaye su ke cinye ribar, in mota ta lalace a hanya kuma rabin kayan ya ruɓe."

A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, guntun Fatakwal zuwa Aba ya fara aiki a 2024. Gwamnatin Filato da hukumar jiragen ƙasa su ma sun tashi farfaɗo da jigilar mutane tsakanin Jos da Bukuru da Kuru, kuma na yaba da hakan. Amma da ni za a tambaya, guntun Kuru zuwa Kafanchan zan ce a fara da shi, a sa taragon kaya kafin na fasinja, a yi wurin lodi a Kuru da Hepang inda dankalin Bokkos da Mangu zai sauka, sannan a ci gaba zuwa Lafiya da Makurɗi.