Abin da Willard Hurst ya koyar game da inda ake neman tarihin doka

Ɗalibin da ya fara nazarin tarihin dokar Amurka kusan kullum yakan nufi wuri guda: hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da kundin tsarin mulkin 1787. James Willard Hurst (1910 zuwa 1997), masanin tarihin doka, shi ya karkatar da akalar masu bincike daga nan. Ya yi aiki a ofishin Mai Shari'a Louis Brandeis na Kotun Ƙoli, sannan ya koma Jami'ar Wisconsin a 1937. Duk da ya san babbar kotun ciki da waje, matsayinsa shi ne mafi yawan doka tana rayuwa ne a majalisun jihohi, ofisoshin filaye, ƙananan kotuna da takardun yarjejeniyar 'yan kasuwa.

Littafinsa na 1956 ya buɗe da wani ɗan abu da wasu za su raina. A 1836 mutanen da suka zauna a bakin kogin Pike, inda birnin Kenosha na jihar Wisconsin yake a yau, sun kama filayen gwamnatin tarayya tun ba a fara sayar da su ba. A idon doka masu kutse ne. Amma sai ga shi sun rubuta wa kansu kundin ƙa'idoji, sun tsara yadda za a yi rajistar fili da yadda za a raba gardama. Daga nan Hurst ya fito da hujjarsa: Ba'amurken ƙarni na 19 yana son doka ta buɗe masa hanyar aiki da dukiya, kuma yakan ƙirƙire ta da kansa idan hukuma ta yi jinkiri.

Inda aka fi koyon hanyar aikinsa shi ne littafin 1964 kan sana'ar katako a Wisconsin daga 1836 zuwa 1915, wanda ya haura shafi 900. Mai son bin sawunsa zai fara da killace fage: sana'a ɗaya, jiha ɗaya, shekarun da aka ƙayyade. Daga nan sai a bi gungumen itace tun daga daji har kasuwa, a kowane mataki a tambayi wace doka ta taɓa shi. Filin, gwamnatin tarayya ta sayar da shi kan mafi ƙarancin farashi na dala 1.25 kowace eka tun dokar 1820. Ruwan da ake koro gumagumai a kai, majalisar jiha ce ke ba kamfanoni izinin gina madatsa da shingen tare katako. Kowane mai kaya yana buga tambarinsa a jikin gungume, kuma doka ta tanadi rajistar tambarin, domin kayan mutane da yawa kan cakuɗe a kogi ɗaya. Lebura kuma doka ta ba shi ikon ɗora bashin ladansa a kan katakon da ya sare. Sai haraji, wanda ke sa mai daji gaggawar sarewa don kada ya yi ta biya a kan itacen da ke tsaye.

Abin da wannan bin diddigi ya tono ya fi kowane hukuncin alƙali nauyi. An cinye dazuzzukan arewacin jihar ba tare da majalisa ta zauna ta yanke shawarar hakan ba. Ƙananan dokoki ne suka taru, kowace tana biyan buƙatar yau. Shirun doka ma sai an karanta shi.

Kurakuran da mai bin wannan hanya kan iya faɗawa cikinsu sanannu ne. Na farko, dogaro da shari'un ɗaukaka ƙara kaɗai: waɗanda suka kai can masu kuɗin lauya ne, yawancin rigingimu kuwa a ƙaramar kotu ko a sulhu suke ƙarewa, don haka dole a duba rajistar ƙananan kotuna. Na biyu, ƙidaya ba tare da karantawa ba, domin dokoki goma kan madatsar ruwa na iya zama alfarma goma ga kamfanoni goma. Na uku ya fi tsanani, kuma Hurst kansa bai tsira daga gare shi ba: takardun hukuma na waɗanda hukuma ke saurare ne. Yawancin dajin da ake magana a kai ya fito ne daga hannun 'yan asalin ƙasar, misali yarjejeniyar 1837 da al'ummar Ojibwe, amma muryarsu ba ta da ƙarfi a labarinsa. Masu suka sun kuma nuna cewa bayi da mata ba su sami wurin da ya kamace su ba, kuma sukar tana kan gaskiya.

Magadansa sun rabu biyu. Lawrence Friedman ya ɗauki hanyar ya rubuta tarihin dokar Amurka gaba ɗaya a 1973. Morton Horwitz, a littafinsa na 1977, ya yarda doka ta yi wa tattalin arziki hidima, amma ya ƙara tambayar da Hurst bai matsa mata ba: wa ya ci riba, wa aka ɗora wa asara lokacin da alƙalai suka sauya ƙa'idojin kwangila da diyya?